Fatirik, Bawan da Ya Koma wa Iyayengijinsa da Bishara

Duk wanda ya karanta labarin Yusufu a Littafin Farawa, daga sura 37 zuwa 50, ya kan tsaya ya yi tunani a kan mutumin nan da aka sayar da shi bauta yana saurayi, amma da Allah ya ɗaukaka shi sai ya ciyar da waɗanda suka cuce shi. Waɗansu su kan ce irin wannan hali sai mutanen Littafi, ya fi ƙarfin ɗan Adam kamarmu. Domin haka muka ga ya kamata mu kawo muku labarin wani mutum wanda ya rayu wajen shekara 400 bayan hawan Ubangijinmu zuwa sama. Sunansa Fatirik, Turawa kuwa suna rubuta shi Patrick. Mutanen tsibirin Ayalan, wanda ke yamma da Birtaniya, suna ɗaukarsa uban ekklesiyarsu, ko da ya ke shi ba haifaffen ƙasarsu ba ne. A bawa ya fara shigarta.

Labarai da yawa a ke bayarwa a kansa, waɗansu na gaskiya, waɗansu na ƙari. Mu dai za mu bi takardu biyu da shi kansa ya rubuta da harshen Latin. Ta ɗaya shaida ce ta abin da Allah ya yi masa, a na kiranta Confessio, watau Furci. Ta biyu wasiƙa ce zuwa ga sojojin wani mai mulki. Su ne takardu mafi tsufa da aka rubuta a Ayalan waɗanda suka tsira har zamaninmu.

Asalinsa da kamunsa

An haifi Fatirik a Birtaniya, a ƙarshen zamanin da Romawa ke mulkinta. Ubansa Kalfurniyus dikon ne, watau mai hidima a ekklesiya, yana kuma cikin majalisar garinsu. Kakansa Fotitus firist ne. Suna da gona da gida da barori kusa da wani ƙauye da a ke kira Bannabem Taburniye. Ashe yaron ya tashi a gidan masu bi, gidan wadata kuma. Amma shi da kansa ya shaida cewa a lokacin nan bai san Allah na gaskiya ba, bai kuwa kula da gargaɗin firistoci ba. Bangaskiyar kaka ba ta gādo kamar gona.

A zamanin nan ƙarfin Roma yana ta raguwa. Wajen shekara ta 410 mulkin Romawa ya ƙare a Birtaniya, ƙasar ta zama garke ba makiyayi. Mahara daga Ayalan su kan ƙetare teku da jiragen ruwa, su fāɗa wa ƙauyukan gaɓa, su kwashi mutane da kaya. Wata rana suka fāɗa wa gonar Kalfurniyus. Fatirik yana da shekara wajen 16 aka kama shi, aka tafi da shi tare da dubban mutane. Waɗanda suka ji labarin harin bayi daga bakin tsofaffi ba su bukatar a faɗa musu abin da wannan rana ta zama ga yaron da iyayensa.

Ƙasar da aka kai shi

Romawa ba su taɓa cin Ayalan da yaƙi ba. Babu birane a cikinta a lokacin, babu hanyoyin dutse irin na Roma, babu kuma sarki ɗaya bisa dukan ƙasar. An rarraba ta ƙananan sarautu fiye da 100, kowace da sarkinta. Shanu su ne dukiya. Bayi kuwa sun yi yawa har a tsofaffin dokokin ƙasar da kuyanga a ke ƙiyasta diyya da tara, kamar yadda a ke ƙiyastawa da shanu. Suna da malaman tsafi da a ke kira Duruwid, da alƙalai masu riƙe da dokoki a ka, da mawaƙa waɗanda sarakuna ke tsoron zambonsu. Mutuncin mutum da kāriyarsa daga danginsa su ke fitowa. Wanda ya fita daga ƙasar sarkinsa ba shi da mai tsaya masa, balle bawa baƙo wanda bai iya ko harshen ba.

Makarantar kiwo

Shekara 6 Fatirik ya yi yana kiwon dabbobin ubangidansa a kurmi da kan tudu. A nan ne abin da ya ji a gida, ya yi banza da shi, ya komo masa. Ya dubi bautarsa ya ga horo ne na Uba mai jinƙai, ya tuba, ya juyo ga Ubangiji da dukan zuciyarsa. Ya faɗa mana cewa ya kan yi addu'a har sau 100 a yini, kusan haka kuma da dare. Ya kan tashi tun gari bai waye ba, cikin ruwan sama da sanyi da dusar ƙanƙara, ba ya jin ƙyuya, gama Ruhu yana ƙuna a cikinsa.

Mu lura da abin da wannan shekaru suka ba shi ban da tuba. Ya koyi harshen mutanen. Ya san al'adunsu, da abin da su ke tsoro, da yadda talaka ke kwana da yunwa a ƙasarsu. Bai san amfanin wannan ba a sa'an nan. Amma abin da ya rasa shi ma babba ne. An katse masa karatu daidai lokacin da tsararsa ke koyon iya magana da shari'a. Har tsufansa yana jin kunyar Latin ɗinsa, yana kiran kansa mai zunubi, ɗan ƙauye, marar ilimi.

Gudu da kira

Wani dare cikin barci ya ji murya tana sanar da shi cewa ya kusa komawa ƙasarsu, daga baya kuma ta ce jirginsa ya shirya. Jirgin yana nesa, wajen mil 200, a wurin da bai taɓa zuwa ba, bai kuwa san kowa ba. Ya gudu, ya yi tafiyar nan duka, ba wanda ya tare shi. Da ya isa, shugaban jirgin ya ƙi ɗaukarsa, ya kore shi da fushi. Fatirik ya juya yana addu'a. Kafin ya gama, sai wani daga cikin matuƙan ya ƙwala masa kira ya komo.

Kwana 3 suka yi a teku, sa'an nan kwana 28 suna ratsa ƙasar da ba kowa. Guzuri ya ƙare, waɗansu suka fāɗi rabi a mace. Shugaban ya yi masa ba'a, ya tambaye shi dalilin da Allahnsa mai iko bai ciyar da su ba. Fatirik ya gargaɗe su su juyo ga Ubangiji da gaskiya. Ba a jima ba sai ga garken aladu a hanya, suka yanka, suka ci, suka sami ƙarfi. Suka kuma sami zumar jeji, amma da ya ji an miƙa ta hadaya ga gumaka, ya ƙi taɓawa.

Bayan 'yan shekaru ya isa gida. Danginsa suka karɓe shi da murna, suka roƙe shi kada ya ƙara rabuwa da su bayan irin wahalar da ya sha. Kowa zai ce a nan labarin ya ƙare lafiya. Amma a gidan nan ne ya yi wani mafarki. Ya ga mutum mai suna Biktorikus yana zuwa kamar daga Ayalan, ɗauke da wasiƙu ba iyaka. Ya miƙa masa ɗaya. Yana cikin karantawa sai ya ji kamar muryar mutanen da ke kusa da kurmin Foklut, a bakin tekun yamma, suna roƙonsa da baki ɗaya ya komo ya sāke tafiya a cikinsu. Abin ya soke shi a zuci har ya kāsa ci gaba da karatun, ya farka.

Mai karatu zai tuna da wahayin Bulus a Taruwasa, a Ayyukan Manzanni sura 16. Amma akwai bambanci. Mutanen Makidoniya ba su taɓa yi wa Bulus kome ba. Waɗanda suka kira Fatirik kuwa mutanen ƙasar da ta cinye masa ƙuruciya ne. Bai tashi nan da nan ba. Ya yi shekaru yana koyon Littafi, aka naɗa shi dikon, daga baya bishop. Waɗansu suka hana shi, suna faɗa a bayansa cewa wauta ce mutum ya jefa kansa cikin abokan gāba waɗanda ba su san Allah ba. Duk da haka ya tafi.

Aikinsa a Ayalan

Fatirik ba shi ne ya fara kai sunan Kristi tsibirin ba. A shekara ta 431 Paparoma Selestin ya aiki wani bishop mai suna Falladiyus wurin mutanen Ayalan da suka riga suka ba da gaskiya. Littattafan tarihi na ƙasar sun sa zuwan Fatirik a shekara ta 432. Abin da ya bambanta shi shi ne ya nufi wuraren da ba wanda ya taɓa zuwa domin yin baftisma. A ganinsa Ayalan ce iyakar duniya, bayanta sai teku, saboda haka ya ɗauka umurnin da ke ƙarshen Bishara ta Matta yana cika ta hannunsa.

Tun da ya ke baƙo ba shi da kāriya, ya kan ba sarakuna kyautai domin su bar shi ya wuce. Ya kan biya 'ya'yan sarakuna su yi masa rakiya, ya kan kuma ba alƙalai. Ya lissafta abin da ya kashe ta wannan hanya, ya ce bai gaza kuɗin mutum 15 ba. Duk da haka wata rana aka kama shi da abokan tafiyarsa, aka ƙwace kayansu, aka sa shi a mari, a na so a kashe shi. A rana ta 14 aka sake shi ta hannun waɗansu abokai, aka mayar masa da kayan. Ya ce kullum yana sa ran kisa, ko zamba, ko komawa bauta.

Ya yi wa dubban mutane baftisma, ya naɗa ma'aikata a wurare da yawa. 'Ya'yan sarakuna, maza da mata, suka keɓe kansu domin Kristi, iyayensu suna tsananta musu. Amma ya shaida cewa waɗanda suka fi kowa shan wuya su ne mata masu bi da ke cikin bauta, gama kullum a na razana su, suna kuwa jimrewa. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin bayi ne ke lura da irin waɗannan.

Game da kuɗi ya tsare kansa ƙwarai. Mata masu ibada su kan ajiye kayan adonsu a bisa bagadi domin a ba shi, shi kuwa ya kan mayar musu, har su ji haushi. Bai karɓi ko anini domin baftisma ba, bai karɓi ko kuɗin takalmi domin naɗa ma'aikaci ba. Ya yi wa kowa ƙalubale, in akwai wanda ya karɓi wani abu a hannunsa ya fito ya faɗa, zai biya. Haka Sama'ila ya yi a gaban Isra'ila, a 1 Sama'ila sura 12, haka kuma Bulus a gaban dattawan Afisa.

Rauni daga gida

Wuyar da ta fi yi masa ciwo daga 'yan'uwa ta fito. Tun kafin a naɗa shi dikon ya faɗa wa wani amininsa wani zunubi da ya yi yana ɗan shekara wajen 15, cikin sa'a guda, tun bai san Allah ba. Bayan shekara 30 aka tono maganar a gaban dattawan ekklesiya domin a kāshe shi, aminin nan kuwa shi ya kunyata shi a bainar jama'a. Fatirik ya ce saura kaɗan ya fāɗi a ranar, amma Ubangiji ya riƙe shi. Bai musanta zunubin ba, bai kuma ambaci sunan aminin ba, sai baƙin ciki ya nuna dominsa. Ya kwatanta kansa da dutsen da ke kwance cikin taɓo, wanda Mai Iko ya ɗauka ya ɗora a kan katanga. Yana marmarin ganin danginsa a Birtaniya, amma ya ce Ruhu ya ɗaure shi, ba zai bar garken ba har mutuwa.

Wasiƙa zuwa ga sojojin Korotikus

Kada mu zaci mutumin da ya gafarta wa masu bautar da shi ya zama marar baki a gaban mugunta. Wani mai mulki na Birtaniya, Korotikus, wanda a ke lissafta shi da mutanensa cikin Kirista, ya aiki sojojinsa hari. Suka fāɗa wa sababbin masu bi waɗanda Fatirik ya yi wa baftisma, suna saye da fararen tufafi, man shafewa bai bushe a goshinsu ba. Suka kashe waɗansu, suka kama sauran. Kashegari Fatirik ya aiki wani firist wanda ya rena tun yana yaro, ya roƙa a saki kamammun. Sojojin suka yi musu dariya.

Sai ya rubuta wasiƙa ta biyu, ya umurta a karanta ta a gaban dukan jama'a, har a gaban Korotikus kansa. Ya ƙi kiransu 'yan ƙasarsa. Ya ce hannuwansu sun jiƙe da jinin 'yan'uwa, suna raba mata masu bi kamar ganima, suna sayar da su ga Fiktawa, mutanen arewacin Birtaniya. Ya tuna musu cewa Kirista na ƙasar Gal, inda Faransa ta ke a yau, su kan aika da kuɗi mai yawa su fanshi 'yan'uwansu daga hannun al'ummai, su kuwa sayarwa su ke yi. Ya hana masu tsoron Allah ci ko sha tare da su, ko karɓar sadakarsu, sai sun tuba da hawaye sun saki bayin. Ƙofar tuba kuwa ya bar ta a buɗe, gama da fatan ceton maharan ya rufe wasiƙar.

A cikin wasiƙar nan akwai wani abu da ya cancanci lura. Da ya ke faɗin yadda mutanen Birtaniya ke rena masu bi na Ayalan saboda asalinsu, sai ya sa kansa cikin waɗanda a ke renawa. Ɗan wani ɗan majalisa na zamanin Romawa ya lissafta kansa ɗaya daga cikin mutanen da suka taɓa sayensa. Gafara ta kai shi can, gaskiya kuma ta sa ya tsaya musu, ko da ya zama sāɓani da danginsa na jini.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Waɗansu littattafan tarihi na Ayalan sun sa rasuwarsa a shekara ta 461, waɗansu a 493. A na tunawa da shi ran 17 ga Maris. A ƙarni na 7 waɗansu marubuta biyu, Murku da Tirekan, suka rubuta labarinsa, suka cika shi da al'ajabai, kamar yadda ya yi karo da malaman tsafi a gaban sarkin Tara. Daga baya aka ƙara cewa shi ya kori macizai daga tsibirin, alhali wani marubucin Roma ya riga ya rubuta tun ƙarni na 3 cewa babu maciji a can. Fatirik na takardun nan biyu ya fi na tatsuniya girma. Kofe mafi tsufa na Furcinsa yana cikin Littafin Arma, wanda aka rubuta wajen shekara ta 807, a na kuwa ajiye da shi a birnin Dablin.

Tare da Bishara, karatu da rubutun littattafai suka kafu a ƙasar. Masu zaman zuhudu suka kofe Littafi Mai Tsarki da ado mai ban mamaki, suka kuma rubuta dokoki da waƙoƙi da labaran kakanninsu da harshensu. Ƙasar da ta saba aika mahara ta fara aika masu wa'azi. Kolumba ya ƙetare zuwa tsibirin Ayona a shekara ta 563. Daga can Aidan ya tafi arewacin Ingila a 635. Kolumbanus ya yi aiki a Gal, ya rasu a Bobbiyo ta Italiya a 615. A shekara ta 697 Adomnan, shugaban Ayona, ya sa sarakuna da shugabannin ekklesiya suka amince da doka mai kāre mata da yara da ma'aikatan ekklesiya a lokacin yaƙi. Amma kada mu ƙara gishiri. Bauta ba ta ƙare nan da nan ba, har a ƙarni na 11 Dablin babbar kasuwar bayi ce.

Daga baya ƙasar ta sha wuya ƙarƙashin mulkin Ingila ɗaruruwan shekaru. A 1922 yawancin tsibirin ya sami mulkin kansa, yankin arewa ya zauna tare da Birtaniya. A arewan nan rikici ya tashi daga 1969 tsakanin masu son haɗuwa da sauran Ayalan, yawancinsu Katolika, da masu son zama da Birtaniya, yawancinsu Furotesta. Mutum fiye da 3,500 suka mutu kafin a yi sulhu a 1998. A garin Arma akwai manyan majami'u biyu, kowace a kan tudunta, ɗaya ta Katolika, ɗaya ta Anglikan, dukansu da sunan Fatirik. Riƙe sunan mutumin Allah ya fi bin sawunsa sauƙi.

Mu ma a Nijeriya mun ci daga itacen da ya dasa. Samuel Bill, mutumin Belfas, ya sauka a bakin kogin Kwa Ibo a 1887. An kafa wata ƙungiyar mishan da sunan Fatirik a Ayalan a 1932, aikinta na fari kuwa a kudancin Nijeriya ne. Firistoci da yawa daga Ayalan sun yi hidima a Jos da Kaduna, a 1961 kuma Katolika suka zaɓi Fatirik majiɓincin ƙasar nan.

Ya ku 'yan'uwa, a cikinmu akwai waɗanda aka cuta, akwai kuma waɗanda ke ganin a na cutar waɗansu. Sau da yawa mu kan riƙe laifin da aka yi mana shekara da shekaru, mu yi shiru a kan laifin da namu suka yi wa baƙo. Fatirik ya juya abin. Nasa ya yafe, na marasa ƙarfi kuwa ya ƙi yin shiru a kai. Bari kowannenmu ya auna kansa da wannan.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ta wace hanya shekarun bauta suka shirya Fatirik domin aikinsa? Ku gwada da Farawa 50:15-21.

2. Don me ya mayar da kyautan da aka ajiye masa a bagadi? Mene ne wannan ke koya wa ma'aikatan ekklesiya da masu riƙon baiko?

3. Aminin da ya tona asirinsa ya yi daidai? Ƙaƙa ya kamata mu riƙe abin da ɗan'uwa ya furta mana?

4. Ku karanta 1 Korintiyawa sura 5. Yaushe ya wajaba ekklesiya ta janye daga mai iko wanda ke kiran kansa mai bi?

5. Akwai waɗansu mutane da zuciyarku ta ƙi kai musu Bishara saboda abin da ya wuce tsakaninku? Ku ambace su a gaban Ubangiji cikin addu'a kafin ku tashi.